Hannun Inna a Kan Kyanwa

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta bari a ga ta damu da shi. Kunya ce, Inna kuwa ta riƙe tata kunyar da hannu biyu. Da aka yaye ni sai kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa wani ƙauye kusa da Tsarnawa. Can na yi wayo, ina manne da bayanta, ina cin ƙanzon tukunyarta. Ina da shekara goma sha ɗaya Allah ya yi mata rasuwa, aka ƙulle mini ƴan kayana a zane aka dawo da ni Malbaza, gidan Baba, wanda ke aiki a kamfanin siminti.

Na iske ƙannena uku, kowanne da sunansa a bakin Inna, har da na wasa. Ni kuwa sai "ke". Ke, ɗauko tsintsiya. Ke, awaki ba su sha ruwa ba. In tana magana da maƙwabta na zama "yarinyar nan". Ban ji haushin ƙannena sosai ba, don na san haka abin yake a kowane gida, su ba su ja wa kansu zuwa a farko ba. Abin da ya tsaya mini a wuya na kasa haɗiyewa shi ne kyanwa.

Kafin in dawo ta zo gidan. An ce daga ƙarƙashin tamfol ɗin wata babbar motar siminti Baba ya tsinto ta, ƴar mitsitsiya, launinta toka-toka kamar ƙurar da ke kwanciya a girarsa in ya taso daga aiki. Inna ta raine ta da nonon da wata Bafillata ke kawo mana kowace safiya. Wai aikin kyanwar tsaron buhunan wake daga ɓeraye. Ni dai tsawon zamana da ita ban taɓa ganin ta kama komai ba sai wutsiyar ƙadangare, shi ma ƙadangaren ya tafi abinsa. Ci take ta ƙoshi, ta lashe jikinta, ta nemi gefen tabarmar Inna a ƙarƙashin rumfa ta baje.

To a barcin ne take da wani hali. Bayan azahar, lokacin da rana ta danne kowa, gidan ya yi tsit, sai ka ga gashin bakinta ya fara rawa. Can sai ƙafar gaba ta fizga. Sai ta baya ta harba. Kafin ka ankara duk jikinta ya ɗauka, ƙafafu huɗu suna shure-shure, wutsiya na bugun tabarma, haƙora na kaɗawa, wani ɗan kuka na fitowa daga cikinta, ido kuwa a rufe gam. Wata rana har kanta ke buguwa da ƙafar turmi. Ranar da na fara gani na zabura na yi baya, na ɗauka mutuwa take yi.

Inna ba ta zabura. Duk abin da ke hannunta, faifan wake ne ko allura, sai ta ajiye shi a hankali, ta shimfiɗa tafinta a haƙarƙarin kyanwar, ta riƙa shafawa daga wuya zuwa ƙugu.

"Ke, mi na na?" haka take ce mata ƙasa-ƙasa. "Kwanta abinki, ba kowa. Ga ni nan."

Sai fizgar ta ragu, jikin ya saki, kyanwar ta ja dogon numfashi ta ci gaba da barcinta. Hannun kuma ba ya tashi nan da nan. Yakan daɗe a wurin.

Ni ina daga bakin garken awaki ina kallo, wani abu mai ɗaci na taso mini daga ciki. Ban san Inna tana da wannan muryar ba. Ban san hannunta ya iya tafiya a hankali haka ba, don ni tsakanina da shi miƙo tsintsiya ne. Kishi nake, kishi na gaske, irin mai hana cin abinci, kuma da dabba nake yinsa. Ko a lokacin na san abin dariya ne, sanin bai rage mini komai ba.

A gidan akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo zama da mu bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai son mu, mai kuma tsoron abubuwa da yawa, ga baki. Ita ba ta taɓa yarda da kyanwar ba. A wajenmu mussa muke ce wa kyanwa, kuma Gwaggo ba ta faɗin kalmar sai ta haɗa da neman tsari.

"Wagga mussa ba ita kaɗai ta ba," takan ce wa Inna. "Dabbad da ka wannan hizge-hizge cikin kwana, da abin da taka gani. Ki bari a kai ta daji."

"Mahwarki taka yi, Yaya," in ji Inna. "Ɓera taka kora."

"Ɓera? A ido biyu ba ta kore shi ba, sai cikin kwana?"

Nan kam ina bayan Gwaggo ɗari bisa ɗari.

Neman hankalin Inna na fara shi da hanyoyin kirki, kada a ce ban gwada ba. Na riƙa share tsakar gida sau biyu a rana. Na cika randuna tun ba a ce ba. Na zo ta ɗaya a ajinmu a lakwal, wato makarantar boko, na sheƙo gida da takardar, na tarar da Inna tana tuƙa tuwo. Ko muciyar ba ta saki ba ta ce, "Kai ma babanku." Wata rana wuƙa ta yanke ni a yatsa, jini na ɗiga, na tsaya a gabanta ina nuna mata. Ta duba, na ga ta duba sarai, amma sai ta kira ƙanwata ta ce ta yago tsumma ta ɗaure mini. Da yammar ranar kyanwa ta yi fizge-fizgenta ta samu shafa.

Daga nan na koma mugunta. In na ga ba kowa sai in take mata wutsiya. Na zuba ruwa a wurin kwanciyarta. Inna ba ta taɓa kama ni ba, ko kuwa ta ƙi kama ni. Sau ɗaya dai ta fuskanci turmi ta ce duk mai cutar mussa ya shirya amsarsa gaban Allah. Turmin bai ce komai ba, ni ma haka.

Sai dabara ta faɗo mini. Na ce a raina, ashe abin da ke jawo hannun Inna fizge-fizge ne. To ai ni ma ina da ƙafafu.

Mako guda na yi ina karatun kyanwar nan kamar za a yi mini jarrabawa a kanta. Na lura daga baki take farawa, sannan gaba, sannan baya. Na lura akwai ɗan tsayawa a tsakani kafin babbar girgizar. Nakan zagaya bayan garke in kwanta a kan karan dawa in gwada, awaki na tuƙa suna kallona. Da na ga na ƙware sai na zaɓi Juma'a, don Baba zai tafi masallaci, Gwaggo kuma takan shige ɗaki ta yi barcin rana.

Ranar na shimfiɗa tabarmata kusa da ta Inna fiye da yadda na saba. Tana tsintar wake, kyanwa na kwance a gefenta. Na rufe ido na yi lamo. Da na ƙirga ɗari sai na fara: leɓe, yatsu, ƙafa ɗaya, ɗan tsayawa, sannan na saki jikina gaba ɗaya. Na shura, na buga kai, na kaɗa haƙora. Don abin ya ƙara kyau sai na ƙara abin da kyanwa ba ta yi, na tara miyau na bar shi ya zubo ta gefen bakina. Wannan ƙarin shi ya kashe ni.

Na ji faifai ya faɗi, wake ya watse. Na ji ta miƙe. Na jira hannun, bai zo ba, haƙurina ya ƙare, sai na buɗe ido ɗaya kaɗan in ga inda ya tsaya. Inna na durƙushe a kaina, fuskarta ta sauya yadda ban taɓa gani ba, hannunta a miƙe, saura kamar taƙi ɗaya ya sauka a haƙarƙarina. Idona ya shiga cikin nata. Na yi maza na rufe.

A daidai nan ƙofar Gwaggo ta yi ƙara. Ban ga lokacin da hannun ya koma ba, na dai ji muryar Inna daga ɗan nesa tana cewa, "Yaya, taho ki duba yarinyag ga."

Gwaggo ta duba, ta ga miyau, ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Hwarhwaɗiya! Ku janye yara! Kada wanda yat taɓa ta, kada wanda yat taka miyan nan!"

A wajenmu an yarda farfaɗiya ta miyau ake ɗaukarta. Ni ban taɓa kawo wannan a lissafina ba. Aka kwashe ƙannena aka yi zaure da su. Gwaggo ta tsaya daga nesa ta wurgo mini zane, ta ɗebo toka ta zuba inda miyan ya ɗiga. Maƙwabta suka cika gidan suna salati. Ni kuwa na ci gaba da shure-shure don ban shirya yadda ake dainawa ba, a karatuna hannu ne ke tsayar da abin. Na yi ta yi har na gaji don kaina. Mutum sama da goma a tsakar gidan nan, babu wanda ya taɓa ni. Kyanwa ta farka, ta yi miƙa, ta haye katanga.

Washegari aka ware mini kwano, Gwaggo ta ɗiga masa jan fenti a gindi. Aka ware mini moɗa, aka kafa mata ƙusa a jikin garke, nesa da randa. Aka hana ni zuwa kusa da murhu, aka hana ni rijiya. Baba ya kai ni wurin likita a Ƙonni, aka haska idona, aka ƙwanƙwasa gwiwata, aka ce ba a ga komai ba, in ya sake tashi a dawo da ni. Gwaggo ta ce ai dama irin wannan ba na likita ba ne. Aka shiga ba ni rubutu safe da yamma, ana turara ni da wani haki mai warin da har yau in na tuna sai maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi. Labari ya riga ni zuwa lakwal. Yarinyar da muke zama benci ɗaya ta koma baya, a wurin wasa kuma in na shiga layi sai layin ya watse.

Faɗin gaskiya ya gagare ni. Kullum sai abin ya ƙara girma, ni kuma bakina ya ƙara nauyi. Yaya zan dubi Baba, wanda ya bar aikinsa ya kai ni Ƙonni, in ce masa kyanwa nake kwaikwayo?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin cin abinci. Ƙannena su kewaye kwano ɗaya, ni ina can bakin garke da mai jan fentina. Inna ta ci nata ta rage, ta tura wa kyanwa kwanon, kyanwa ta sa kai ta lashe shi tas. Dabbar da ke fizge-fizge na gaskiya kullum tana ci a kwanon Inna, ni da na yi na ƙarya sau ɗaya an mai da ni bakin garke. Inna kuma ta san ƙarya ce, ta ga idona. Ba ta tona ni ba, ba ta kuma cece ni ba. Mako uku tana wuce ni kamar yadda ta saba.

Gwaggo ce ta ce a wanke kwanon daban, kuma ni zan riƙa wanke abina. Don haushi na ƙi. In na gama sai in kife shi da ragowar miya a jiki in tafi. Da safe in same shi a wanke. Ban damu in san dalili ba, na ɗauka awaki ne ke lashewa.

A mako na uku Gwaggo ta gano inda ciwon ya fito. Ta zaunar da Baba ta ce masa tun farko ta faɗa, mussar nan ce ta shafa wa yarinya abin da ke jikinta, ga shi ranar ma kusa da ita ta kwanta. In ba a fitar da ita ba sauran yaran za ta bi ɗaya bayan ɗaya. Baba mutum ne da ba ya son doguwar magana. Ya ce to, gobe akwai direban da zai yi lodi, a sa ta a buhu a ba shi ya sake ta can gaba a hanya.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce ko ba komai wahalata ba ta tafi a banza ba. Zan ci gaba da cin tuwo ni kaɗai, a ci gaba da gudu na a lakwal, na yarda, muddin dai gefen tabarmar nan zai zama babu kowa. Na saci kallon Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Da safe bayan an sha koko Gwaggo ta fito da buhun gero wanda ba komai a ciki, ta naɗe hannunta da tsumma. Baba na zaune yana ɗaura takalmin aiki. Kyanwar na kwance a rana ba ta san abin da ake ciki ba. Ni ina bakin garke da moɗata, na sha rabin ruwan, ina kallo ta saman bakinta kada wani abu ya wuce ni.

Sai Inna ta tashi daga gaban murhu. Ta ratso tsakar gida, ba wajen kyanwa ta nufa ba, wajena ta nufo. Ta karɓi moɗar daga hannuna, kuma na lura ko yatsana ba ta taɓa ba. Ta juya ta har ta kawo daidai inda bakina ya jiƙa, ta kafa nata a wurin, ta shanye ruwan duka a gaban kowa.

Gwaggo ta saki buhun ta rafka salati. Baba ya tsaya da igiyar takalmi a hannu.

Inna ta goge bakinta da gefen zane ta ce, "Yaya, mussa ba ta da ciwo. Yarinyag ga ma ba ta da shi."

Ta rataye moɗar, ba a ƙusar garke ba, a bakin randa tare da sauran. Sannan ta sunkuya ta ɗauki kyanwar ta rungume, ta ce mata, yadda kowa zai ji, "Ke dai in kina naki, ba ki buɗe ido ki duba ko ana kallonki."

Baba ne ya fara ganewa, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ya fice ba tare da ya gama ɗaura takalmin ba. Gwaggo ta dube ni, ta dubi Inna, ta sake dubana. Sai ta warware tsumman hannunta ta cire takalminta. Na sha duka ranar, na sha shi da kyau, tana yi tana lissafa mini rubutun da aka ɓata da kunyar da ta sha a unguwa. Ban gudu ba. Rabona da wani ya taɓa ni a cikin gidan nan mako uku ke nan.

Aka mayar da ni kwanon ƙannena. A lakwal sai da aka ɗauki lokaci, kuma sunan da suka laƙaba mini ya bi ni har na gama. Kyanwar ta rayu shekaru bayan haka, ta haihu sau ba adadi, ta ci gaba da fizge-fizgenta tana samun shafarta. Ba mu taɓa shiri da ita ba.

Abin da ya zauna mini shi ne tambaya ɗaya. Mako uku ina bakin garke Inna ba ta motsa ba. Ranar da aka fito wa kyanwa da buhu, ranar ta sha ruwana. Ko da ta buɗe baki ma, mussa ta fara ambata kafin ni. Na yi aure da wannan tambayar, na haihu da ita.

Sai da ƴata ta fari ta kai shekara huɗu na samu bakin yi. Na kai ta Malbaza ganin gida. Inna ta tsufa, Gwaggo ta rasu, kyanwar ma ta daɗe da mutuwa. Tsakanin kaka da jika babu kunya, don haka yarinyar nan tun da muka sauka take bisa cinyar Inna, ana kiran sunanta ana yi mata kirari. Bayan azahar barci ya kwashe ta a wurin. Muna zaune a ƙarƙashin rumfar nan dai, sai ƙafarta ta ɗan fizga, irin ta yara. Inna ta shimfiɗa tafinta a haƙarƙarinta.

"Kwanta abinki, ba kowa. Ga ni nan."

Wallahi abin nan mai ɗaci ya taso mini kamar jiya na bar shi. Ni da ɗankwalina da zoben aurena, ina kishin ƴar da na haifa. Ban san lokacin da na ce, "Inna, ran da kinka sha ruwan moɗata, don ni kinka sha ko don mussa?"

Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta kau da kai wajen garke. Da ta yi magana ma ba ni ta kalla ba, yarinyar da ke barci ta kalla.

"Ji uwakki da rashin kunya," ta ce mata. "Tambaye ta, kwanon nan mai jan henti, wa taka tsammani ka wanke shi?"

Na matsa a kan tabarmar kaɗan-kaɗan, kamar mai gyara zama, har gwiwata ta taɓa ƙafarta. Hannunta na kan ƴata, idonta na kan garke. Ba ta janye ƙafar ba.